Manhajar da na sayo don Baba ya daina bin hanyar Safana

Zuwa ga Anti Naja'atu,

Assalamu alaikum. Don Allah ki taimake ni da shawara. Na kai inda ba na iya bambance gajiya da haushi, kuma duk wanda zan iya kai wa wannan magana a gidanmu, da shi a cikinta.

Mahaifina yana sayar da maganin dabbobi da kayan noma: iri, taki, maganin feshi, dusa, kanwa da sauransu. Babban shagon yana Batsari, inda muke zaune. Na biyu yana Safana, ƙanen mahaifiyata, Kawu Ya'u, ke riƙe da shi tun ina firamare. Akwai wani ɗan ƙarami wajen Ruma, wanda yanzu buɗe shi ya danganta da labarin da aka tashi da shi. Ni ce 'yar bokon gidan. Na karanta harkar kasuwanci a jami'a, na dawo da takardar da Baba ya sa aka yi wa gilashi aka rataye sama da buhunan dusa, inda ƙudaje suka fi kowa karanta ta.

Tun da na yi wayo Baba yake zuwa Safana duk mako ya ga shago da idonsa. Ba sai na gaya miki abin da hanyoyinmu suka zama ba. Duk ranar da zai tafi, Inna ba ta cin abincin rana. Sai ta zauna tana tsince shinkafar da ta riga ta tsince, har ta ji ƙarar motarsa a ƙofar gida. Baba ya haura saba'in, ga hawan jini, ga ciwon gwiwa. Ko cewa aka yi ya gudu ya ceci ransa, iyakarsa bakin kwalta.

Bara na halarci wani taron bita na masu ƙananan sana'o'i a Katsina. A nan wani mai suna Huzaifa, wakilin wani kamfani, ya nuna mana manhajar kasuwanci wadda ba a ajiye bayananta a kwamfutar shago, sai a rumbun kamfanin ta intanet. Abin da aka sayar a Safana, da zarar an shigar a waya, zan gan shi a Batsari. Ɗakin taron akwai sanyi, akwai sabis mai ƙarfi, akwai lemo. Huzaifa ya danna nan, abu ya fito can. Ya ce mai shago yana kishingiɗe a tabarmarsa zai ga duk abin da ke faruwa a shagonsa. Ya faɗi abubuwa da yawa bayan wannan, amma ni ban ƙara jin komai ba. Baba kawai nake gani a kan tabarma.

Na dawo na shawo kansa, da ƙyar. Yayana Nazifi, wanda ke kula da sayayya da lodi, ya sa wa manhajar suna 'yar duba tun ranar farko. Har yau in ya shigo shago yakan tambaye ni me 'yar duba ta hango mana yau, ko za a yi ruwa.

Watannin farko sun tafi a shigar da sunayen kaya. A nan na gano cewa waɗanda suka ƙera abin ba su taɓa tsayawa a kasuwa ba. Manhaja ta san buhu, ta san kwalba. Ba ta san a farke buhun taki a sayar tiya-tiya ba, balle gyaran da ake ƙara wa mutum a kai in ya ce a duba Allah. Ba ta san ana zuƙar allura a sirinji daga kwalba ɗaya a sayar wa mutum biyar ba. Makiyayanmu kuma ba sa kiran magani da sunansa, sai su ce mai jan murfi, ko irin na bara. Duk da haka muka lallaɓa. Na je Safana na koya wa Kawu da kaina. Da na ga yana ɗari-ɗari, na maimaita masa abin da Huzaifa ya gaya mana, cewa ba a ajiye komai a wayar, ko rijiya ta faɗa ba abin da zai ɓace.

Kuma Baba ya zauna, Anti. Wata da watanni bai bi hanyar ba. Inna har kumatu ta yi. Yakan zo shago ya ce in nuna masa Safana, in miƙa masa waya, ya daɗe yana kallon zane-zanen masu launi, ya miƙo mini ya ce madalla, da irin muryar da yake yin gaisuwar mutuwa. Na lura, amma na ce zai saba.

Sai damina ta faɗi. Lokacin ne makiyaya ke neman maganin tsutsar ciki. Na duba waya, ta ce akwai kwalaye jibge a Safana, don haka na ce wa Yaya Nazifi kada ya saro. Ashe ko kwalba ɗaya babu. Wani dattijon makiyayi mai suna Yero, daga wajen Babban Duhu, wanda yake sayayya wurinmu tun kafin a haife ni, ya yi ta sawu ana ce masa kaya na hanya. Daga ƙarshe ya kira Baba da kansa. Bai yi faɗa ba. Ya gaishe shi ya tambayi iyali ɗaya bayan ɗaya, sannan ya ce maruƙansa biyu sun mutu, yana so ya ji ko Alhaji ya bar sana'ar ne ba a sanar da su ba.

Baba ya ajiye wayar ya ci gaba da harkarsa. Da ma zagina ya yi. Da mako ya zagayo ya nemi makullin mota. Tun daga nan yake tafiya, Inna kuma ta koma tsintar shinkafa.

Na kira kamfanin. Huzaifa ya bar aiki. Wata mai zaƙin murya ta ce sun duba, komai lafiya daga ɓangarensu, ta kuma yi mini albishir cewa suna da babban tsari wanda ya fi namu, in mun ƙara kuɗi.

Kwanakin baya na je Safana na wuni a shagon, ina so in ga inda abin yake yoyo. Kawu bai tsallake ciniki ko ɗaya ba. Da yatsa ɗaya yake shigarwa, tabarau a kan hanci, yana motsa baki. Sai dai cikin shagon babu sabis sai jefi-jefi, don haka abin da ya shigar yana nan a wayar yana jiran a samu hanyar tura shi. Bayan la'asar ya rufe tagogi, ya ɗauko makullin babur, domin a wani ƙauye yake kwana ta hanyar Babban Duhu. Ina kallo ya ciro wayar, ya danne alamar manhajar, ya goge ta gaba ɗaya, ya yi bisimilla ya jefa wayar a aljihu. Kamar mai cire takalmi a ƙofar masallaci. Cinikin wunin nan duka ya tafi ina tsaye.

Da na tambaye shi, sai ya kalle ni kamar ni ce ban san garin ba. Ya ce ɗiyata, mutanen daji in sun tare ka yanzu, waya suke fara karɓa, su kama yatsanka su buɗe ta, da abin da suka gani a ciki suke yi maka kuɗi. Ya ce wannan abin nawa da an buɗe shi, sunan Alhaji ne a sama da manyan lambobi na darajar kayan shagunan duka. In suka gani, shi Ya'u mai babur za a yi masa farashin Alhaji, kuma an ba su adireshin Alhajin kyauta. Kullum da safe mai cajin waya na tasha yana sake tura masa manhajar. Ya ce ai ni na ce ko rijiya ta faɗa ba abin da zai ɓace. Ranar da sabis ya leƙo shagon, wani abu ya iso gare ni. Ranar da bai leƙo ba, shi ke nan. Rabin gaskiya nake karantawa duk watannin nan, ina yanke hukunci a kai da digirina.

Na yi masa bayani cewa duk abin da wayar ba ta riga ta tura ba, gogewar tana tafiya da shi. Ya roƙe ni kada in gaya wa Baba, kada a ce tsoro ya sa ya ɓata wa Alhaji kasuwa. Ban gaya wa kowa ba sai ke.

Yanzu ƙarshen wata za a sabunta biyan shekara. Yaya Nazifi ya ce a sallami 'yar duba a huta. Kamfani ya ce a ƙara. Ni kuma ko alamar manhajar na gani a waya sai in ji kasala. In bar ta ne, in yarda cewa ba don irinmu aka yi ta ba? In faɗa wa Baba, in kunyata ƙanen mahaifiyata? Ni fa ba shago na zamani nake nema ba. So nake tsohon nan ya daina bin hanyar.

Wadda ta gaji, daga Batsari.

Amsa

Wa alaikumus salam, ƙanwata. Sannu da ɗawainiya, kuma Allah ya mayar wa Malam Yero da alheri.

Kafin komai, tambaya ɗaya. Ranar da kika je Safana kika ga Kawu yana goge manhajar, ina taki wayar take? A jakarki, ina jin, da sunan Baba a sama da manyan lambobin nan. Irin hanyar da ya ji tsoro ita kika biyo, kika kuma koma ta cikinta. Ba don in ƙara miki nauyi na faɗa ba, sai don ki daina kallon abin da ya yi a matsayin ƙauyanci. Haɗarin da ya hango gaskiya ne. Maganin da ya yi masa ne ya zama ɓarna, kuma da maganar da aka sayar miki a ɗaki mai sanyi ya yi shi.

Irin wannan manhaja kamar magatakarda ne da ke zaune a wani gari mai nisa. Rubutunsa tsaf, ba ya mantuwa, ba ya sata. Amma abin da ya iso gare shi kaɗai yake rubutawa, kuma bai taɓa tashi ya je ya leƙa ko kwalayen suna nan ba. Abin da za ki iya tsammani daga gare shi ba shi da yawa, amma yana da amfani: ya tuna miki maganin da ya kusa lalacewa, ya nuna miki abin da ke tafiya da abin da ke kwance, ya rage gardama a ƙarshen wata. Wannan ma sai bayan an daɗe ana ba shi labari na gaskiya. Ba zai kawo sabis cikin shagon Safana ba, ba zai gyara hanya ba, ba zai hana a riƙa ƙirga kaya da hannu lokaci-lokaci ba. Masu tallarsa sun san haka. Ba a tambaye su ba ne, su kuma ba su ga dalilin ɓata taro ba.

Don haka kada ki ƙara ko sisi. Babban tsarin nan ƙarin ɗakuna ne a gidan da ƙofarsa ba ta buɗuwa. Amma ban goyi bayan Nazifi a kan a watsar gaba ɗaya ba, duk da cewa tsokanarsa tana da hujja, domin shi ne aka hana saro kaya a kan labarin ƙarya. In kuka watsar yau, kun miƙa wa Baba dalilin zuwa Safana duk mako har ƙarshen ƙarfinsa.

Ki kira mai zaƙin muryar nan, ki bar ta ta gama albishir, sannan ki tambaye ta abin da ya dame ki. Shin za a iya buɗe wa mai tsaron shago nasa shafin daban, wanda ba ya nuna komai sai sunan kaya da farashi, ba jimilla, ba sunan mai shago? Yawancin irin waɗannan manhajoji suna da wannan, kuma ina zargin shafin mai gida kika buɗe wa kowa don sauƙi. Me ke faruwa da abin da aka shigar babu sabis, kuma wace alama ce ke nuna ya isa? Za su ba ku kwafin bayananku duk ranar da kuka so tafiya? Za su karɓi biyan wata-wata maimakon shekara? Ki ce su rubuto miki amsa. In suka kasa ta farko, kin samu amsar wasiƙarki daga bakinsu, sai ki nemi wata, kuma wannan karon a cikin shagon Kawu za a gwada ta, ba a ɗakin taro ba.

In sun iya, sai a raba manhajar da aljihun Kawu. A sayi waya mai araha wadda aikinta ke nan, a shago take wuni, a shago take kwana. Kafin ya rufe, ya taka da ita zuwa tasha inda ake samun sabis, ya ga alamar ta nuna an tura, ya mayar da ita ya kulle. Wayarsa ta hau babur babu komai a cikinta sai lambobin 'yan'uwa. Ke ma haka, Baba ma haka, duk ranar da za ku bi hanya.

Ki kuma rage wa manhajar buri. Ki zaɓi kayan da ƙarewarsu ke kashe maraƙi ko ta sa manomi ya rasa shuka, su ne za a bi da gaske. Buhun taki a rubuta shi ranar da aka farke shi, a bar tiya da gyara ga mutanen da suka san fuskar mai saye. Shagon Ruma ki cire shi daga ciki tukuna. Wurin da ba a san ko za a buɗe gobe ba, kiran waya ya ishe shi.

Maganar faɗa wa Baba kuwa, ba ki da zaɓi. Ki tsaya ki duba abin da shi ya sani. Waya ta ce akwai kwalaye, aka je babu. Mutumin da ya shekara hamsin a kasuwa, in kaya suka ɓace tsakanin rubutu da kanta, ba na'ura yake fara zargi ba. Bai faɗa ba, ba kuma zai faɗa ba, saboda Inna. Amma ina tsoron wani ɓangare na wannan zirga-zirgar ba shago yake zuwa dubawa ba, Kawu yake dubawa. Shirun da kike yi don ki rufa wa kawunki asiri, shi ne ya bar shi cikin zargin da ya fi tsoro muni. Ki fara komawa wurin Kawu ki nuna masa wannan. Ki sa Inna a ciki, ƙanenta ne, ta san yadda za ta ɗauko zancen. In an zo gaban Baba, a faɗi abin yadda yake: Ya'u yana goge sunan Alhaji daga wayarsa kullum don kada ya faɗa hannun mutanen daji. Ba ƙarya a ciki, kuma ban ga dattijon da zai ji haka ya kira shi matsoraci ba. Ke ma ki faɗi naki, cewa kin isar da alkawarin da ba ki gwada ba. A taƙaice, ba tare da kuka ba.

Saura abin da kika gani kika kawar da kai, wato madallar nan mai kama da ta'aziyya. Mahaifinki ba ƙirga kwalabe kaɗai yake zuwa yi Safana ba. Yana zuwa a gaishe shi, ya ji wace ruga ta tashi, wa ya yi rashi, wa ya kamata a yi wa haƙuri. Kin yi masa ritaya ba ki sanar da shi ba, kika ba shi zane mai launi a madadin mutane. Ki mayar masa da aikinsa ta hanyar da ba ta buƙatar mota. Kullum bayan la'asar shi zai kira Kawu, ba ke ba. Manyan abokan cinikinsa irin su Yero shi zai riƙa kira kafin damina ya ji me za su nema. Ke ki karanta masa abin da waya ta ce, shi ya gwama da abin da kunnensa ya ji, shi ya yanke abin da za a saro. In waya da Kawu suka saɓa, a gaskata Kawu, a binciki waya.

Ba zan yi miki irin alkawarin Huzaifa ba. Baba ba zai daina zuwa Safana ba. Wataƙila ya koma sau ɗaya a wata, da rana tsaka, bayan an tambayi mutanen can yadda hanya ta kwana. In kin samu haka, manhajar ta biya kuɗinta, ko da Nazifi bai daina kiranta 'yar duba ba. Kada ki auna ta da abin da kika gani a ɗakin taro. Ki auna ta da kwanon Inna: in ranar da Baba ya saba tafiya ta zagayo kika tarar ta ci abincin rana, to abin yana aiki.

Allah ya tsare mana su a hanya da gida, ya ba Kawu da Baba tsawon rai, ya dawo wa ƙasarmu da kwanciyar hankali. Ke kuma ki samu ki huta.

Naja'atu